Dokar 2003 da askar wanzami: mu ma a Madarunfa ta shafe mu

Shekarun baya, a wani taron ƙara wa juna sani da aka shirya wa malaman makaranta, wata jami'ar lafiya ta tashi tana mana bayani a kan kaciyar mata da dokar da ta hana ta. Ina cikin waɗanda suka yi ta duba agogo. Da ta ba da damar tambaya, na ɗaga hannu na ce: "Hajiya, wannan ai zancen mutanen yamma ne, can wajen Tillaberi. Mu Katsinawan Maradi ba mu san kaciyar mata ba. Da kin yi mana magana a kan zazzaɓin cizon sauro da ya fi." Abokan aikina suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Ita kuwa ta dube ni ta ce: "Malam, a garinku ba a cire wa jarirai ɗan guriya?" Na ce ana cirewa mana, amma ai wannan magani ne. Ba ta ja da ni ba, ta ci gaba da bayaninta.

Ba a yi shekara biyu ba na gane abin da take nufi. Akwai wata yarinya da na koyar a ajin ƙarshe na firamare, mai kaifin kai a lissafi, aka cire ta aka yi mata aure a wani ƙauye da ke kudu da mu. Ta yi ta gudowa daga ɗakin miji. A mayar da ita, ta sake dawowa. Daga ƙarshe manyan gidan suka yanke cewa guriya gare ta, ita ce ke hana ta zama da namiji. Aka kira wanzami, aka danne ta, ya yanka. Tun daga ranar fitsari bai sake tsaya mata ba. Uwarta ce ta zo wurin maiɗakina da daddare tana kuka, don ba zance ne da za ta iya yi da ni ba. An dace, an kai yarinyar asibiti an yi mata ɗinki ta warke. Auren ya mutu, karatun kuma dama ya riga shi mutuwa.

Duk cikin waɗanda suka yi mata haka babu mugu. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, shi ne kuma ya sa na shiga bin tarihin abin.

Wanzami a ƙasar Hausa ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin a gina ɗakin shan magani ko ɗaya a wannan yanki, shi ne likitan gari. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciyar yara maza, shi ke tsagar gado, shi ke cire beli. Sana'ar gado ce, tana da sarkinta, kuma kowane gida da wanzaminsa, wanda ya yi wa uba shi ko ɗansa zai yi wa ɗa. Cikin kwanakin farko na haihuwa, idan jaririyar mace ce, a gidaje da yawa akan ce ya duba ko tana da ɗan guriya, wato wani ɗan nama a bakin gabanta da aka yi imani idan an bar shi zai girma ya toshe hanya. A wajen Kano da Zariya angurya ake ce masa. Akwai kuma yankan gishiri, wanda ake yi wa babbar mace, sau da yawa unguwarzoma ce ke yi. "Gishiri" a nan sunan ciwo ne, kuma buhu ne da ake zuba kome a ciki: doguwar naƙuda gishiri ce, rashin ganin al'ada gishiri ne, rashin haihuwa, jin zafin kwanciyar aure, duk gishiri. Maganin kuwa ɗaya ne, a sa aska ko reza a tsaga cikin gaban mace.

Matsalar ita ce inda askar ke bi. Tsakanin wurin da ake tsagawa da hanyar fitsari da mafitsara ba wata tazara, ɗan siririn nama ne kawai ya raba su. Mai yankan ba ya ganin abin da yake yanka, wadda ake yanka kuma tana fizge-fizge. Idan askar ta zarce kaɗan, an huda mafitsara ko an tsarge hanyar fitsari, sai yoyo. Idan ta sami jijiya, sai zubar jini. Idan askar ba ta da tsabta, sai sandarewar wuya ko wata cutar da ke bin jini.

Likitoci sun daɗe da sanin haka, kuma a ƙasar Hausa suka koya. A 1983 wani likita mai suna Tahzib ya wallafa binciken da ya yi a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tsakanin 1969 da 1980. Mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma kashi 13 cikin ɗari yankan gishiri ne. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rabe-raben kaciyar mata a 1997, ta kasa su gida huɗu, a gida na huɗun kuma ta ambaci angurya da gishiri da sunayensu. Ranar da na fara ganin wannan na yi shiru. Kalmomi biyu na harshenmu zaune a takardar duniya, ni kuma ina tsaye a gaban jama'a ina cewa ba mu san abin ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda ke ganin Zariya ta yi nisa, to ga Danja, nan kan hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, inda aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a 2012 kusa da tsohon asibitin masu cutar kuturta. Likitocin wurin, ciki har da Itengre Ouedraogo da Lewis Wall, sun duba takardun mata 360 da suka zo tsakanin 2014 da 2016, suka sami goma da yankan guriya ne ya lalata su: tara hanyar fitsari ce ta tafi, ɗaya kuma ta wajen bayan gida aka huda ta. Abin lura shi ne dalilin yankan. Babu ko ɗaya da aka yanka saboda naƙuda, babu wadda aka yanka don wani bikin al'ada. Dukkansu "magani" aka yi musu, saboda suna jin zafin kwanciyar aure, ko sun ƙi mijin, ko sun yi wani hali da miji ko iyaye ko surukai ba su so ba. Da na karanta wannan sai na ga ɗalibata sak. Yarinya ta ce ba ta so, sai aka mayar da "ba na so" ciwo, aka nemo masa aska. Duk goman sun warke bayan tiyata, uku daga cikinsu sai da aka yi musu aiki fiye da sau ɗaya. Waɗannan su ne suka iya kai kansu Danja.

Dokar da ta hana wannan ba rana ɗaya ta faɗo ba. A 1984 aka yi wani taro a Dakar inda aka kafa kwamitin ƙasashen Afirka mai yaƙi da al'adun da ke cutar da lafiyar mata da yara. A 1990 Nijar ta sami nata reshen, wato CONIPRAT, kuma matan ƙasar nan ne suka riƙe shi. Shekara 13 suka yi suna zaga ƙauyuka, suna zama da sarakuna da malamai da masu yankan kansu, kafin a kai ga doka. Ranar 13 ga Yuni 2003, zamanin shugaba Tandja Mamadou, aka fitar da doka mai lamba 2003-025 wadda ta yi wa kundin hukunta laifuka gyara, ta ƙara masa sashe na 232.1 zuwa 232.3.

Ina so malamai da iyaye su san abin da ke cikin waɗannan sassa, don yawancinmu jin su kawai muke yi. Wanda ya yi, ko ya yi yunƙurin yi, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 da tarar jika 20 zuwa jika 200 na sefa. Idan yarinyar ta mutu, ko da ba da niyyar kisa aka yi ba, ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ne. Wanda ya taimaka hukuncinsa ɗaya da mai askar, wato wanda ya kira wanzamin, da wadda ta riƙe ƙafafu, da wanda ya biya. Idan ma'aikacin lafiya ne ya yi, mafi tsananin hukuncin za a yi masa, kuma ana iya hana shi aiki har shekara 5. Amma wurin da ya fi shafarmu shi ne sashen farko, inda aka fayyace laifin. Bai tsaya ga irin kaciyar da ake yi a yamma ba. Ya haɗa duk wata ɓarna da aka yi wa gaban mace ta hanyar cire wani sashe nasa, duka ko kaɗan, sannan ya rufe da cewa ko ta kowace hanya aka yi. A karatuna, wannan ya haɗa da ɗan guriya. Dokar ba ta tambayi sunan da kuke kiran abin a garinku ba, ba ta kuma ce idan da niyyar magani aka yi an yafe ba.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na taɓa faɗa: dokar Turawa ce, an ɗora mana. Wannan magana tana da tushe a tarihi, bai kamata a yi mata dariya ba. A Sudan, a 1946, Turawan Ingila sun kafa dokar hana mafi munin nau'in kaciyar. Iyaye suka yi ta gaggawar yi wa ƴaƴansu kafin ta fara aiki, da aka kama wata mata a garin Rufa'a kuwa, jama'a suka yi bore ƙarƙashin Mahmud Muhammad Taha don a sake ta. Sai a 2020 Sudan ta sake yin dokar ƙasa baki ɗaya. A Kenya, a 1956, majalisar dattawan Meru ta hana kaciyar mata bisa matsin ƴan mulkin mallaka, sai ƴan mata suka sayi reza suka shiga daji suna yi wa junansu. An gurfanar da mutum fiye da 2,000, abin bai tsaya ba. Dokar da baƙo ya kawo da bulala, mutane kan mayar da karya ta abin alfahari.

Tamu ba haka ta zo ba. Majalisar dokokin da muka zaɓa ce ta yi ta, shekara 43 bayan samun ƴancin kai, bayan an daɗe ana share fage. Ta ma riga yarjejeniyar Maputo ta kare haƙƙin matan Afirka, wadda aka amince da ita ranar 11 ga Yuli 2003, kusan wata guda bayan tamu. Kuma a 2006 majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da ita wannan yarjejeniya ta Maputo. Ko mutum ya ji daɗin wannan ƙin ko bai ji ba, ya nuna cewa wakilanmu sun iya cewa a'a ga takardar da ta zo daga waje idan ba ta kwanta musu ba. Ta kaciyar mata kuwa su suka rubuta da hannunsu.

Zancen addini ba zan daɗe a kansa ba, don ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma a wajenmu ba shi ne ginshiƙin abin ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi kaciyar mace ba wajibi ba ce. Hadisin da aka fi kafa hujja da shi, Abu Dawud da ya ruwaito shi da kansa ya ce mai rauni ne. A 2007, bayan wata yarinya ta mutu a hannun likita wajen kaciya, babban mai ba da fatawa na Masar, Ali Juma'a, ya ce haramun ce, a 2008 kuma ƙasar ta yi doka. Amma ko da mutum ya riƙe ra'ayin malaman da suka halatta, ba zai samu guriya ko gishiri a littafin kowa ba. Ban taɓa jin wanzamin da ya ce don lada yake cire ɗan guriya ba. Kuskuren likitancin gargajiya ne, irin kuskuren da kowace al'umma ta taɓa yi kafin ta san yadda cikin jiki yake.

Saura hujjar da na kafa a wancan taro, wato cewa abin bai da yawa. Alƙaluman binciken lafiya na ƙasa sun nuna kusan mace 5 cikin 100 a 1998, suka sauko zuwa 2 cikin 100 a 2006, haka kuma a 2012. Mafi yawa a jihar Tillaberi ne, musamman cikin Gurmawa, inda binciken 2006 ya sami kusan biyu cikin kowace mace uku. Jihar Maradi ba ta taka kara ta karya ba a lissafin. Ina murna da saukar, amma ina da shakku biyu. Na farko, bayan doka ta fito, wa zai gaya wa baƙo mai takarda da biro cewa ya yi laifin ɗauri? Na biyu shi ya fi ƙarfi. Idan ka tambayi matar Madarunfa ko an yi mata kaciya, za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. Abin da aka yi mata tana ƴar kwana uku ba ta san shi ba, in ma ta sani ba kaciya take kiransa ba. Ni da nake da takardar shaidar koyarwa haka na amsa.

To me doka za ta yi wanda wa'azi da faɗakarwa ba za su yi ba? Na sami amsar a cikin gidana. Da aka haifa mini jika mace, ana gobe suna, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin, ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce: "Kai ɗan nan, na ji an ce ka hana a duba yarinyar nan. Mu da aka duba mu, mutuwa muka yi?" Na ce: "Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya, likitoci sun ce ba ciwo ba ne, halitta ce, kowace jaririya da shi ake haihuwarta." Ta ce likitocin yaushe aka haife su. Na kawo zancen Danja, ta ce wannan wanzamin ne bai iya ba. Duk hujjar da na ɗauko tana da amsarta, kuma a tarbiyyarmu ba ka ja-in-ja da goggonka a gaban mata. Sai na ce: "Goggo, gwamnati ta hana. In aka yi wani abu ya faru, da ni da wanzamin da uwar yarinyar duk gidan kaso za a kai mu." Ta yi shiru, can ta ce: "To, zamani ne. Allah ya raya ta." Ba ta yarda na fi ta gaskiya ba, kuma ban nemi ta yarda ba. Dokar ta ba ta hanyar janyewa ba tare da ta faɗi a gaban ɗan ƙaninta ba, ni kuma ta ba ni abin jingina ba tare da na yi mata rashin kunya ba.

Ina da furfura, da albashi, da ɗan ilimi, amma sai da na ɓuya a bayan doka. Ku auna yarinya mai shekara 17 a haihuwar fari, a gidan surukai, wadda kunya ba ta barin ta ko kiran sunan ɗanta. Ku auna jaririyar kanta, wadda ba ta da bakin cewa kome. Shi ma wanzamin yana buƙatar dokar. Wanda ke yi mana aski ya gaya mini cewa ya daɗe ba ya son wannan aiki, amma idan ya ƙi, sai a ce bai gaji sana'ar ba, a kira wani, ya rasa gidan gaba ɗaya har da askin suna da kaciyar maza. Yanzu yana iya cewa an hana, kuma duk wanzamin da aka je wurinsa an hana shi.

Ba na cikin masu son a cika kurkuku da tsofaffi. A 2010 kotun Kollo ta hukunta wasu masu yankan tare da iyaye mata 45, ta yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 8. Wasu sun ce hukuncin ya yi sauƙi. Ni ina ganin alƙalin ya san garinsu: da ya kulle uwa 45, yaran da ake son karewa su za su kwana da yunwa, ƙauyukan kuma su rufe bakinsu har abada. Abin da ake so shi ne kowa ya ji cewa an kai maganar gaban alƙali, kuma an ji. Shekara 3 bayan haka, a watan Mayun 2013, ƙauyuka 20 suka taru a Makalondi suka yi shelar barin kaciyar mata a bainar jama'a. Amma inda aka danne yarinyar da ta ce ba ta so aka lalata ta, ko aka rasa rai, a nan ban ga dalilin sassauci ba.

Maƙwabtanmu sun nuna abin da doka ke iya yi idan an riƙe ta da gaske. Burkina Faso ta yi tata a 1996, ta buɗe lambar waya ta kai rahoto, ta riƙa yin shari'a a bainar jama'a. A 2010 kashi 76 cikin ɗari na matan ƙasar masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu, a 2021 ya sauko zuwa 56. Gambiya kuma ta nuna cewa doka na iya zamewa. Ta hana a 2015, ba a hukunta kowa ba sai a 2023 da aka ci tarar mata uku, bayan ƴan watanni aka kai ƙudurin soke dokar majalisa, kuma ya yi nisa kafin a kayar da shi ranar 15 ga Yuli 2024. Dokar da aka bari tana barci shekara 8, ranar da ta farka mutane suka ɗauke ta baƙuwa.

Mu namu haɗarin iyaka ce. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba nisa, dangi ɗaya ne, aure ɗaya, wanzamai ɗaya. Najeriya ta yi dokarta ta tarayya a watan Mayun 2015, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, mai ɗaurin da ya kai shekara 4, sai dai a tsarinsu kowace jiha sai ta karɓe ta da kanta kafin ta yi aiki a cikinta. Mai jego da ta tafi wankan gida ƙetaren iyaka, abin da aka hana a nan ana iya yi mata a can cikin kwana bakwai, ta dawo da jaririya ba wanda ya sani. Shi ya sa uban da ke son kare ƴarsa ya kamata ya yi maganar tun ciki na wata bakwai, da surukarsa, cikin ladabi, kafin a ɗaure kaya.

Tun daga kan ɗalibar nan na sauya abu ɗaya a aikina. A taron iyayen yara na farkon shekara, bayan zancen alli da littattafai da katangar makaranta, nakan ɗauki minti biyar in karanta sassan nan uku da Hausa. Ba na cewa "kaciyar mata", don da na faɗa kowa zai saki jiki ya ce ba da shi ake ba. Ɗan guriya nake cewa, da yankan gishiri. Shekarar farko wani dattijo ya tashi ya fita. A ta biyu, bayan an watse, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya tafi, sannan ta tambaye ni, idanunta a ƙasa, ko asibitin Danja na karɓar wadda abin ya same ta shekara shida da suka wuce. Na ce ta je a duba ta, na rubuta mata sunan wurin a takarda, na gaya mata inda za ta sauka a mota.